Kan Shafin da Na Taɓa

Shekara tara na yi ina buga tafireta kafin a kawo mana kwamfuta, kuma a lokacin ban yarda akwai wanda ya fi ni sanin takarda a duk garin Gumel ba. Wannan jin kan ne ya kai ni ya baro ni.

Ofishinmu ƙarami ne, ɗaki biyu da baranda a bayan kasuwar hatsi, na wani shiri da ke kula da lafiyar dabbobi a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Likitan dabbobi ne shugaba, ni ce mai buga takardu. Babban aikinmu shi ne takardar shaidar lafiya. Duk wanda ya loda shanu a Maigatari zai yi kudu da su sai ya riƙe ta, in ba haka ba masu shingen duba dabbobi a hanya ba za su bar shi ya wuce ba.

Tare da kwamfutar aka turo mana wani mutumin Filato, Kirista, siriri mai tabarau, muna ce masa Injiniya. Mutum ne mai haƙuri, ni kuwa haƙurin nasa ne ma yake ba ni haushi. Shi ya shirya mana shafuka irin na yanar gizo, ko da yake babu wayar da ta haɗa mu da ko'ina. A cikin kwamfutar kawai suke zaune, yana cewa wata rana za a ja layi har a riƙa ganinsu daga Dutse. Kowace ƙaramar hukuma da shafinta, sai na biyar, shafin takardar shaida, wanda muke bugawa a firinta.

Wata safiya ya kira ni ina cikin ɓare gyaɗa.

"Malama, zo ki gani. Kin ga sunan ofis da adireshi da tambarin nan na sama? Da, kowane shafi da nasa na rubuta masa. Kin tuna ran da aka sauya mana lambar akwatin gidan waya, na bi su ɗaya-ɗaya ina gyarawa, har na manta da na Maigatari? To yanzu na cire kan, na ajiye shi a fayil guda. Duk shafin da za a buɗe, can zai je ya ɗauko shi. Kamar gidan gandu ne, ɗakuna da yawa, zaure ɗaya."

Na ce, "Na ji."

"Ba ki ji ba, Malama, gyaɗa kike ci."

"Haba Injiniya! Tun kana makaranta nake buga kan takarda. Yau kai za ka koya mini?"

Ya yi dariya ya gyara tabarau. "Na bi. Amma komai kike so ki taɓa a injin nan ki taɓa, kan nan dai ki bar mini shi."

Maganar ta ɓata mini rai. Ni a sanina, kowace takarda gashin kanta take ci. In na zura farar takarda a tafireta na buga mata kai, kanta ne ita kaɗai, abin da na rubuta mata ba ya tashi ya bi wata. Haka na koya, haka na yi shekara tara, kuma zancen zaurensa ta kunnen dama ya shiga ya fita ta hagu.

A bazarar shekarar da sojoji za su miƙa mulki, Babbar Sallah ta wuce da 'yan kwanaki, Ista, bikin Kiristoci, ta kawo kai. Ranar Laraba da sassafe Injiniya ya hau mota ya tafi gida biki. Da azahar Likita ya dawo daga Gagarawa, fuskarsa ba walwala. Ya ce ya ga saniya biyu a wata ruga suna tari, yana zargin ciwon huhu ne, don haka kada a fitar da dabba ko ɗaya daga yankin sai an tabbatar.

"A sa gargaɗin a saman shafin Gagarawa, a buga, a kai a manna a kasuwarsu. Ina Injiniya?"

"Ya tafi Ista, ranka ya daɗe. Amma ai ba sai da shi ba."

Ya dube ni. "Za ki iya?"

"Me zai hana?"

Na sha ganin yadda Injiniya ke buɗe cikin shafi, don haka na buɗe na Gagarawa. Na duba sama ban ga sunan ofis ba, ban ga adireshi ba, sai wani ɗan layi guda mai ɗauke da sunan fayil. Na nemo fayil ɗin na buɗe, sai ga kan nan ɓaro-ɓaro. Na ce a raina, a'a, ashe nan ya ɓoye shi! A ƙarƙashin adireshi na ƙara layi ɗaya da Turanci, ma'anarsa: an hana fitar da dabbobi daga wannan yanki saboda ciwon huhu. Ban sa sunan Gagarawa ba. Me zai sa in sa, tunda a ganina a kan shafin Gagarawa nake rubutu? Ban kuma san yadda ake ƙara wa rubutu girma ba, sai layin ya fito ƙanana, daidai da adireshin, kamar dama can tare aka haife su.

Na koma shafin Gagarawa, ga gargaɗi ya hau. Wallahi har wani daɗi na ji, na ce bari Injiniya ya dawo in ga bakinsa. Na buga na miƙa wa Likita, ya ce madalla. Man janareto ya kusa ƙarewa, sai na yi maza na buga takardun shaidar da za mu tafi da su kasuwar gobe, kowacce da kwafinta. Na yayyage su na zuba a jaka ko kallo ban yi musu ba.

A cikin masu lodi a wannan Alhamis har da kawuna, yayan mahaifiyata, mutumin wani ƙauye a Sule Tankarkar. Ba falke ba ne. Manomi ne mai turke, shekara da shekaru yana kiwata bijimai yana sayar wa dillalai a kara. Ni ce na yi ta zuga shi. Na ce, Kawu, kai ka sha wahalar kiwo wasu su ci moriya? Ka kai su kudu da kanka mana, batun takarda kuwa ka bar mini, ai ina ofis. Sai da ya shekara yana juya maganar kafin ya yarda. Da 'yan garinsu suka ji, su ma suka haɗa masa nasu amana. Shanu ashirin da shida suka cika tirela, goma nasa, sauran na mutane, har da bijimi guda na wata tsohuwa makwabciyarsa.

Kara ta cika maƙil ranar, kowa na son ya riski kasuwar Ista a kudu. Rana kamar ta fasa kai. Likita yana bin shanu yana buɗe musu baki yana sauraron numfashi, ni ina ƙarƙashin rumfa ina cike suna da adadi da lambar mota da biro. In sun taru sai ya zo ya riƙa ɗaga gefen ƙasa na kowace takarda yana sa hannu yana buga hatimi. Haka yake yi kullum. Wa yake karanta kan takarda? Abin da ka gani sau dubu, idonka tsallake shi yake yi.

Na Kawu ce ta tara. Likita ya duba shanunsa ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Baba, ka iya kiwo." Kawu ya yi ta murmushi. Ba ya karatun boko, sai ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ninke ta huɗu, ya cusa a aljihun ciki ya dafe.

"Ɗiyata, wannan ita ce za ta kai ni?"

"Har ƙofar kasuwa, Kawu. Duk wanda ya tsayar da kai ka miƙa masa kawai."

"To Allah ya yi miki albarka."

Ina kallo ya hau katakon da ake ɗaurawa a saman tirela, dattijo mai shekara sittin da wani abu, ya naɗe rawaninsa ya zauna. Takarda goma sha huɗu muka bayar ranar. Kafin la'asar duk sun ɗauki hanya. Likita ma daga nan ya wuce Kano wajen iyalinsa, tunda gobe Juma'a hutu ne har Litinin, hatimin kuwa yana cikin jakarsa.

Ni kuma na shiga motar haya zuwa Gumel, kwafin takardun a kan cinyata. Ba mu yi nisa ba taya ta yi faci. Muka sauka muka zauna a gindin wata aduwa, direba yana fama. Da ba taya ba, da ban gani ba sai bayan hutu. Zaman banza ne ya sa idona ya sauka a kan takardar sama, na fara karantawa tun daga tambari kamar mai koyon karatu. Sunan ofis. Adireshi. Sai layina.

Na ɗauka ta Gagarawa ce ta shigo cikinsu. Na ɗaga ta biyu, yana nan. Ta uku, yana nan. Na tsallaka zuwa ta tara, mai sunan Kawu da rubutun hannuna, ga shi zaune a sama: an hana fitar da dabbobi daga wannan yanki saboda ciwon huhu. A ƙasa kuma ga sa hannun Likita da hatimi suna gaskata shi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Wata mata da ke kusa da ni ta ce, "Baiwar Allah, lafiya? Rasuwa aka yi?" Sai a lokacin maganar Injiniya ta dawo mini tiryan-tiryan, har da gyaɗar da ke hannuna.

Na tsallaka titi na tare wata mota na koma Maigatari. Kara ta watse, sai kashin shanu da masu shara. Na tarar da shugaban direbobi a rumfarsu yana alwalar magariba. Na ce masa akwai kuskure a takardun yau, ko akwai yadda za a tsayar da motocin.

"Hajiya, motar shanu ba ta tsayawa. Yanzu sun wuce Kano. Wane irin kuskure?"

Na gaya masa. Ya ajiye butar a hankali.

"Ki yi addu'a kada a karanta. Yawancinsu hatimi kawai suke dubawa. Amma akwai shinge guda a bakin gada, in aka yi rashin sa'a aka faɗa hannun mai karatu..." Ya girgiza kai. "Kin san dabbar da ke cikin tirela ba ta ci ba ta sha sai an sauke ta. Kwana biyu take iya ɗauka a zafin nan. Na uku sai dai ikon Allah."

Na ce zan rubuta wasiƙar gyara a ba wata mota ta bi su. Ya ce motar shanu sai wata Alhamis, kuma ko an samu mai zuwa, wasiƙar da ba hatimi wa zai dube ta? Takarda mai hatimi ba ta jin maganar wadda ba ta da shi.

Ranar Juma'a na je gidan waya, a rufe. Ko a buɗe yake wa zan kira? Shingen bakin gada ba shi da lambar da na sani, gidan Likita a Kano ban san ko unguwar ba. Na je gidan direban ofis, aka ce tare suka tafi. Na dawo gida na zauna.

Tun rasuwar maigidana nake zaune da mahaifiyata, kuma ban gaya mata komai ba. Tana tankaɗe tana lissafa wa yayanta hanya. "Yanzu sun wuce Kaduna." Can an jima, "Yanzu kam sun kusa tsallake ruwa. Ke, wai can da gaske ne har kare suke ci?" Ta yi ta dariya. Ni kuwa abin da ban taɓa roƙo ba shi nake roƙo a kowace sujada: Allah ka sa duk ma'aikacin da ke kan hanyar nan malalaci ne. Ni da nake zagin masu aikin ganin dama, ni ce nake yi musu addu'ar ƙaruwa.

Ranar Asabar na karɓi makulli wajen maigadi, na sayi man janareto galan guda, na kunna kwamfuta. Na buɗe shafin Gumel, layin yana nan. Na Maigatari, na Sule Tankarkar, duk yana nan. Na buɗe fayil ɗin na goge shi, ko minti ɗaya ban yi ba. Na sake bin shafukan, duk sun wanke tas, kamar ba a taɓa yin komai ba. Abin ya ba ni tsoro fiye da ganin layin. Sheɗan ya ce mini, to wa ya sani? Ki ƙona kwafin nan, ki ce ba ki san yadda aka yi ba, injin ne. Na daɗe zaune da takardun a hannu. Ban ƙona ba, amma kada in yi ƙarya, ba tsoron Allah kaɗai ya hana ni ba. Na san akwai guda goma sha huɗu a aljihun mutane waɗanda gogewata ba ta kai gare su ba.

Ranar Litinin direbobin farko suka fara dawowa. Na koma Maigatari na tsaya a bakin rumfarsu kamar mai jiran sakamakon asibiti. Wannan ya ce lafiya lau ya sauke. Wancan ma haka. Har na fara sa ran an tsira, sai wani mai jar hula ya ce, "Wai ke ce 'yar dattijon nan na Sule Tankarkar? Na wuce su a bakin gada shekaranjiya, an sa motarsu a gefe. Yau da na dawo ma suna nan."

"Shanun fa?"

Ya kau da kai. "Ban tsaya ba, Hajiya. Amma na ga ungulu."

Ranar Talata Likita da Injiniya suka dawo kusan tare. Ban bari sun zauna ba, na shimfiɗa kwafin a tebur na faɗi abin da na yi. Likita ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe. Da ya gaji sai ya dubi sa hannunsa a ƙasan takardar ya zauna. Injiniya bai ce ai na gaya miki ba. Da ya faɗa da na ji sauƙi, don da na samu abokin faɗa. Cire tabarau kawai ya yi ya ce, "Da na sa masa makulli." Nan take Likita ya rubuta wasiƙar gyara ya buga hatimi, Injiniya ya ce shi zai kai, tunda ya san hanyar. Ko jakarsa bai kai gida ba ya koma tasha.

Ya isa ranar Laraba. A wajensa na ji yadda aka yi. Wani ma'aikaci ne mai bin ƙa'ida ya karanta takardar tun daga sama, ya ce ba za su wuce ba sai an zo da bayani daga inda aka ba da ita, manyansa kuma duk suna hutu. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ya yi. Kawu ya roƙa a bar shi ya sauke shanun su sha ruwa, ga kogi yana gani. Mutanen garin suka ji an ce takarda ta ce masu cuta ne, suka fito suka ce ko kofato ɗaya ba zai taka ƙasarsu ba. Da bokiti Kawu ya riƙa ɗebo ruwa yana hawa da shi, shi da direba. Wanda ya faɗi a cikin mota sauran su tattake shi, kuma ba a bari ya yanka ko ɗaya ba. Bakwai aka sauke da rai.

Kawu bai biyo ta Gumel ba, garinsu ya wuce. Sai da ya bi gidajen masu amana ɗaya-ɗaya ya gaya musu da bakinsa, sannan bayan kwana uku ya zo gidanmu da hantsi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mahaifiyata ta shimfiɗa masa tabarma tana kuka, don zuwa lokacin na gaya mata. Ya sha ruwa, ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da takardar. Ta yi laushi, ta yi baƙi a wajen ninkin.

"Ɗiyata, karanta mini. Can kowa Turanci yake yi mini, abokin aikinki kuma ya ce in bari sai na zo gida. Me aka ce a sama?"

Na durƙusa na karɓa. Na karanta masa, na fassara.

"Ciwon huhu," ya maimaita. "To abin da nake so in sani ke nan. Likita ya gani ne ya ɓoye mini don kada in ji kunya a kara? Don tun da na dawo na hana a kai sauran shanun garinmu rijiya. Kuma bakwai ɗin nan na sayar da su ga mutane, sun ci. In na kai wa bayin Allah cuta, gara in sani."

"Ba su da komai, Kawu. Likita bai ga komai ba. Gargaɗin na Gagarawa ne. Ni na rubuta shi a inda bai kamata ba, ya hau kan takardarka. An hana ni taɓawa na taɓa."

"Ke kika rubuta?"

"Ni ce."

Na jira ya zage ni. Wallahi so nake ya zage ni, ya ɗaga sandarsa ma. Ya daɗe yana kallon takardar a hannuna, sannan ya sauke ajiyar zuciya.

"To alhamdu lillahi, ban cuci kowa ba. Gobe sai a kai na gida rijiya."

Ya jawo takalmansa ya saka ɗaya, ya tsaya da ɗayan a hannu.

"Ashe da lafiyarsu suka mutu," ya ce.